Amsa: Shin fari yana canza ƙwayoyin gadon shuka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fari ne ke canza ƙwayoyin gadon shuka, wato abubuwan da ke ɗauke da halayen da ta gada, har ta iya jurewa. A'a, ƙwayoyin suna nan yadda suke. Abin da ke faruwa shi ne wasu da ke kwance sukan tashi aiki idan wahala ta zo. Da ƙasa ta fara bushewa, shuka takan tara wani sinadari mai suna ABA, wanda ke sa ƙananan ramukan ganye su rufe don rage asarar ruwa, ya kuma tayar da ƙwayoyin gadon da ke kare jikinta daga bushewa. Sai dai rufe ramukan nan yana rage iskar da take haɗa abinci da ita, shi ya sa girma ke tsayawa.

Misalin da ya fi burge ni, ko da yake na ambaliya ne ba na fari ba, shi ne wata ƙwayar gado ta shinkafa mai suna SUB1A, wadda masana suka bayyana a 2006. Idan ambaliya ta shanye gona, wannan ƙwayar gado takan hana shukar ɓata ƙarfinta wajen miƙewa, sai ta adana abincinta, ta jure kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa. Ta hanyar barbara aka shigar da ita cikin irin shinkafa mai suna Swarna, aka kuma fitar wa manoman Indiya da sabon irin a 2009.