Ga ɗan'uwan da ya kasa yanka kajin da ya kiwata

Wa alaikumus salam. Ka ce kajinka sun isa yanka, amma da ka ɗauki wuƙa sai hannunka ya hau rawa, don tun suna 'yan tsaki kake ba su tsaba. Malam, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba ragwanci ba ne. Wani sahabi ya faɗa wa Annabi (SAW) cewa yana yanka akuya yana jin tausayinta, sai ya ce masa in ya ji ƙanta Allah zai ji ƙansa.

Ni zakaran da na fara yankawa har gobe ban manta shi ba. Wani ja ne mai bina har bakin ƙofa. Tausayi ya sa na sassauta hannu, ga wuƙar dakusasshiya, ta yankan albasa ce na ɗauko a madafa. Na goga sau biyu, ya fizge ya zagaye tsakar gida yana feshin jini, yara na ihu. Ranar ko romon ban iya sha ba. Jan ƙafar da na yi ne ya azabtar da shi, ba yankan ba.

Yanzu da dare nake kama wadda zan yanka, lokacin da suka kwanta a akurki, ba sai an yi ta tsere da ita da rana ba. In kife ta da kwando, ruwa kawai zan ajiye mata, ba abinci, kamar awa 8 zuwa 12, don hanjin ya yi sauƙin gyara. Wuƙa ta daban na ware, in wasa ta a ɓoye, sai ta yanka takarda sumul. Hadisin Shaddadu bin Aus da ke cikin Muslim ma haka ya ce: mutum ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa.

Da safe sai in kai ta bayan ɗaki inda sauran ba sa gani, in tona ɗan rami don jini. In take fukafukai da ƙafafu a hankali, in fuskanci alƙibla, in ɗan tuje gashin wuyan, in yi Bismillahi Allahu Akbar, in ja gaba ɗaya. Maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu na gefe su yanke kafin ka ɗaga hannu.

Shure-shuren da ke biyo baya shi ya fi karya zuciya. In jijiyoyin sun yanke sosai, jini na daina zuwa ƙwaƙwalwa, hayyacinta ya gushe cikin ɗan lokaci, saura motsin jiki ne. Riƙe ta dai, kuma don Allah kada a tsoma ta a ruwan zafi sai ta daina motsi ɗungurungum. Masu gaggawar fige nan suke ɓata abin.

In ka ga har yanzu ba za ka iya ba, kira maƙwabci wanda ya saba, ka tsaya kusa ka ga yadda yake riƙo. Sau uku na yi haka kafin na sake ɗaukar wuƙa. Yarana kuwa na hana su raɗa wa kaji suna.