Na goge bidiyon biki daga faifan ajiya, akwai mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a nan Jos. Ina cikin share tsofaffin ayyuka daga faifan ajiyata na waje mai terabayit 1, sai na haɗa da foldar wani ɗaurin aure da kamu da ban riga na tace ba. Katin kyamarar kuma na yi wani aikin da shi. Masu biki sun fara kira. Ya zan yi?
Daga mai ɗaukar bidiyo, Unguwar Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, in faifan nan yana jone da kwamfuta yanzu, cire shi, kuma kada ka ƙara zuba masa ko hoto ɗaya. Dawowar bidiyonka ta dogara a kan wannan fiye da duk wata manhaja da za mu ambata.

Idan ka goge fayil, kwamfuta ba ta bi ta kankare shi daga jikin faifai. Tana zuwa teburin da take rubuta sunayen fayil da wuraren zamansu, ta sa alamar cewa gurbin ya zama fili. Kamar mai gidan haya ne ya soke sunan ɗan haya daga littafinsa alhali kayansa na ɗaki: suna nan har ranar da wani ya tare. Duk abin da ka kwafa a faifan yanzu yana iya sauka a kan bidiyon, kuma wurin da aka rubuta wani abu a kansa ya tafi ke nan, babu ƙwararren da zai dawo da shi.

Fara da mai sauƙi. Jona faifan a kwamfutar da ka yi gogewar da ita, ka buɗe Recycle Bin. Windows takan ɗauki irin wannan faifai kamar na cikin kwamfuta, don haka abin da aka goge yakan faɗa kwandon, saɓanin filash da katin memori. In ka ga foldar, danna ta da maɓallin dama ka zaɓi Restore, shi ke nan. Ba za ka same ta ba idan Shift da Delete ka haɗa, ko kuma girmanta ya wuce abin da aka ware wa kwandon, abin da ke yawan faruwa da bidiyo.

In ba ta nan, nemi faifai na biyu. Mai terabayit 2 ya fi, domin shawararmu ita ce ka fara kwafe faifan gaba ɗayansa, har da wuraren da kwamfuta ke cewa babu komai, sannan ka yi bincike a kan kwafin. Manhajar DMDE tana yin wannan, haka ma R-Studio, masu Linux kuma suna da ddrescue. Ta ramin USB 3.0, mai shuɗin cikin nan, terabayit 1 zai ci wajen awa 3 in faifan lafiyarsa ƙalau. Ta USB 2.0 kuwa awa 8 ne ko fiye. Yi aikin da laftof mai batir mai rai, ko ka jona UPS, don kada NEPA ta ɗauke wuta a tsakiya. Mutane na ganin wannan mataki ɓata lokaci ne, amma shi ke ba ka damar gwada manhaja uku ko huɗu ba tare da ka sake taɓa asalin ba.

Yanzu danna faifan da maɓallin dama, ka shiga Properties ka ga tsarinsa, wato salon da yake bi wajen jera fayil. In NTFS ne, ka yi sa'a: teburinsa yakan riƙe sunan fayil da jerin wuraren da gutsattsarinsa suke ko bayan an goge. DMDE za ta nuna maka foldar da sunanta, kuma ta kyauta tana dawo da fayil har 4,000 daga folda ɗaya a lokaci guda, wanda ya ishi aikin biki. Recuva ma kyauta ce kuma ta fi sauƙin sarrafawa. Tana sa wa fayil kore, ruwan lemo ko ja gwargwadon lafiyarsa. A Windows 10 da 11 akwai Windows File Recovery ta Microsoft, wadda ake rubuta wa umarni haka: winfr E: D: /regular /n *.mp4, inda E ne faifan da aka yi gogewar, D kuma inda za a zuba. In bai samo ba, sauya /regular da /extensive.

Kuskuren da ya fi kashe aiki shi ne sauke manhajar a kan faifan da ake ceto, ko zuba abin da aka ceto a kansa. Manhaja a kwamfuta, abin da aka dawo da shi a faifai na biyu.

Manhajar PhotoRec ita ce ta ƙarshe da za ka gwada. Ba ruwanta da tebur, jikin faifan take bi tana neman alamar farkon kowane irin fayil. Shiga File Opt ka bar mov da mp4 kawai, sannan ka zaɓi Free don ta duba filin da aka goge kaɗai. Sunaye ba za su dawo ba, lambobi za ka gani, sai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan bayani na faifan da ke da faranti mai juyawa a cikinsa ne. In SSD ne, wato faifan da ba shi da farantin da ke juyawa, akwai umarnin TRIM da ke sa shi share gurbin da kansa jim kaɗan bayan gogewa, kuma wasu sababbin faifai masu juyawa ma suna karɓar umarnin. Gwada dai, amma kada ka yi wa masu biki alkawari tukuna. Katin kyamarar ma ka bincike shi: in sabon aikin bai cika shi ba, wani ɓangare na tsohon yana iya saura.

TAMBAYA: Na dawo da bidiyon walimar saukar ƙannena da manhaja. Girman fayil ɗin daidai ne, amma ya ƙi buɗewa.
Daga wata ɗaliba, Kubwa, Abuja

AMSA: Malama, gwada shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC tukuna, domin tana haƙuri da fayil mai rauni fiye da sauran. In ta ƙi, ɗayan uku ne. Ko dai an riga an rubuta wani abu a wurin, wannan ba shi da magani. Ko kuma bidiyon a warwatse yake: babban fayil a faifan da ya daɗe ana zubawa ana gogewa ba ya samun fili ɗaya a jere, manhaja irin PhotoRec kuma sai ta kamo farkonsa ta cika sauran da abin da ba nasa ba. A nan ki sake bincike da manhajar da ke karanta tebur, kamar DMDE ko R-Studio. A tsarin FAT32 abin ya fi wuya, don jerin gutsattsarin yana gogewa tare da fayil ɗin.

Na uku shi ne mai daɗin gyara. Fayil ɗin MP4 da MOV suna da wani sashe mai suna moov wanda ke faɗa wa manhaja inda kowane hoto da sauti yake, kuma kyamarori da yawa a ƙarshen fayil suke rubuta shi. In shi kaɗai ya ɓata, hotunan na nan. Manhajar Untrunc, kyauta ce, tana sake gina shi idan kika ba ta wani lafiyayyen bidiyo da aka ɗauka da wannan waya ko kyamarar a kan saiti iri ɗaya. Yi gyaran a kan kwafi.

TAMBAYA: Nawa faifan cewa yake sai an yi masa fomatin, wani lokacin kuma yana ƙara ƙas-ƙas.
Daga wani magidanci, Bukuru

AMSA: Alhaji, kada ka yarda da fomatin ɗin, kada kuma ka bari a yi masa chkdsk, umarnin Windows na gyaran faifai, domin gyaran tebur yake yi ta hanyar rubutu a kan faifan. Da saƙon fomatin ne kaɗai, da mun ce ka sauya kebul da rami, ka duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, ka kwafe shi. Amma ƙarar nan takan nuna allurar da ke karatu ta samu matsala, ko kuma wutar da ke isa gare shi ta yi kaɗan. Gwada wani kebul sau ɗaya, kai tsaye a jikin kwamfuta. In ƙarar ta ci gaba, cire shi, don kowane kunnawa na iya ƙara karce farantin. Kada a sa shi a firiza, kada kuma a kwance murfinsa a shago, ƙura kaɗan ta isa ta lalata shi; ana buɗe shi ne a ɗaki na musamman mai tace iska.

Ko kasuwar Terminus ta Jos ka kai shi ko Banex a Abuja, tambayi mai gyaran ko zai fara kwafe faifan kafin komai, kuma a ina zai zuba abin da ya samo. Ku yi ciniki a kan cewa sai ka ga bidiyon yana tafiya daga farko har ƙarshe za ka cika kuɗi. In akwai hotunan iyali a ciki, ka sa ya goge kwafin da ke wurinsa a gabanka bayan ka karɓi naka.