Abin da ya sa aka bar sarƙa aka koma waya

Kai yaro, kana tambayata dalilin da magabata suka daina rataye gada da sarƙa suka koma igiyar waya. Da kuna ajiye salular nan kuna kallon aiki, da ba sai ka tambaya ba.

Sarƙa, zobe ɗaya ya karye, shi ke nan. Injiniya Thomas Telford ya rataye gadar Menai a Birtaniya da sarƙar ƙarfe a 1826, ta tsaya. Amma a Amurka a 1967 ƙarfe guda ya tsage a sarƙar gadar Silver, ta rufta kogin Ohio da mutane, 46 suka mutu. Igiya kuwa dubban wayoyi ne a ɗaure, ɗaya ta tsinke sauran su ɗauke nauyin.

Sai dai fa wayar ta zama ta gaskiya. A aikin gadar Brooklyn ta birnin New York, ɗan kwangilar kawo waya mai suna Haigh yakan nuna wa masu dubawa waya mai kyau, a hanya a musanya ta da wadda aka ƙi. Da asirinsa ya tonu a 1878, ruɓaɓɓiyar ta riga ta shige cikin igiya, ba ta ciruwa. Injiniya Washington Roebling ya ƙara waya 150 a kowace igiya, aka buɗe gadar a 1883.

Irin ta aka yi min a wata gadar ƙafa. Dillali ya kawo samfuri, na lanƙwasa, na goga da magagari, tutiyar da aka shafe ta da ita don hana tsatsa tana nan daram. Kaya suka iso, naɗin sama fes. Mun ja igiya, mun ɗaure, damina ta sauka, sai ga jan ruwan tsatsa yana tsiyaya daga ciki. Na zaro waya ɗaya na lanƙwasa, ta ɓalle kamar busasshen kara. Roebling yana da rarar ƙarfi a lissafinsa, ni ƙaramar gada ce, ina rara? Dole na kwance komai, na biya yara daga aljihuna, mai aikin ya riƙe kuɗina, shi kuma dillalin ya yi ta rantsuwa wai haka kamfani ya aiko. Sunana ne ya ɓaci, shi ko a jikinsa, har yau yana cinikinsa.

Gobe kaya za su iso. Kowane naɗi ka warware shi har ciki, ka yanko min guntu daga tsakiya. Kada ka kuskura ka kawo min na baki.