Kamazuru ya tsinke, majayi ya tsage: wanne ake ɗinkewa, wanne ake sakewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Tahoua nake rubutowa. Kamazurun dokina, wato igiyar fatar da ake jan linzami da ita, ya tsinke dab da linzami, majayin sirdin kuma, wato maɗaurin da ke zagaye cikin doki, ya fara tsattsagewa. Kayan gado ne daga mahaifina, ba na son in yar da su. Za su gyaru kafin hawan salla?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifi.

Kafin a ɗauki basilla, fatar za ka fara tambaya. Lanƙwasa ta sosai kusa da inda ta tsinke. In ta lanƙwasu sumul, da sauran ranta. In fuskarta ta dare kamar ƙasar fadama da rani, ta mutu, kuma ɗinki ba ya tayar da matacciyar fata. Gishirin gumin doki ne ke cin ta, zafin ranar Adar, yankinku na Tahoua, da iskar hunturu su tsotse sauran man da ke ciki. Dab da linzami kuwa ga yawu ga tsatsa. Fatar da aka jeme da bagaruwa ba ta shiri da ƙarfe, shi ya sa za ka ga wurin ya yi baƙi ƙirin kafin ya tsinke.

Kamazurunka zai gyaru. A yanke baƙin wurin duka har a iske lafiyayyar fata, a zagayo da ita cikin zoben linzamin, a bar abin da zai hau kan ɗan'uwansa kamar santimita 8 zuwa 10. A fere bakin da wuƙa mai kaifi ya yi siriri, don kada ya yi tudu. Sai a huda da basilla, a ɗinka da allura biyu, kowace ta bi ramin da ɗayar ta fito, da zare mai ƙwari da aka goga wa kakin zuma. Ko zare ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe. Kuma don Allah ɗinkin ya bi tsawon fatar, layi biyu, gefe da gefe. Kada a gitta shi. Ramukan da aka jera a gicciye su ne hanyar da fatar za ta bi ta sake yagewa. In gefen da aka gyara ya gajarta, a rage ɗayan su zo daidai.

Majayi kam ban yarda a yi masa faci ba. Shi ke riƙe da sirdi, ranka kuma na kan sirdin. Ranar hawa doki na sukuwa, an ja linzami ya turje, nan majayi mai tsaga ke ba da kai. Haka fatar da ke ɗauke da likkafa. Ka je wurin baduku ya yanko sabo daga kirgi, ta wajen gadon bayan saniya, ban da fatar ciki mai miƙewa. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna don laushi da kyau, amma ta ado ce, ba ta ɗaukar nauyi. Adon da ke jikin tsohon ana iya kwance shi a ɗora wa sabon, ka ga kayan mahaifi na nan tare da kai.

In ka sauko, goge gumin da ɗanyen tsumma, ka shanya a inuwa. Lokaci-lokaci ka shafa man shanu ko man kaɗe kaɗan, don in ya yi yawa fatar saki take yi. Baƙin mai na mota kada ya kusance ta. Ka rataye kayan sama saboda gara da ɓera.