Fagen Harshe: Tayin tsire, gyara da wasan taubashi

Tambayoyin wannan mako sun karkata gefe guda, wato ga irin maganar da ke shiga tsakaninmu da mutumin da ba mu sani ba, a mota ko a kasuwa. Na zaɓi huɗu.

Wani ɗalibi a Jami'ar Abdu Mumuni ya rubuto: "Malam, a hanyar Yamai zuwa Tawa, da muka tsaya Dogon Dutsi, wani dattijo da ke kusa da ni ya sayi tsire ya ce mini bismilla. Tsiren ko shi kaɗai ba zai ishe shi ba. Wannan ba baki biyu ba ne? Me kuma ake nufi da 'zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi'?"

Ɗana, dattijon nan bai yi maka baki biyu ba. Kana auna tsiren ne, shi kuwa ba tsiren ya miƙa maka ba tukuna. A wurin Bahaushe, wanda ya buɗe abinci a gabanka ya kai loma baki bai ce uffan ba, ya nuna bai ga mutum a wurin ba. Wannan ya fi rowa muni, domin marowaci aƙalla ya san kana nan, ɓoyewa yake yi. Da ya ce bismilla, ya ƙidaya ka cikin mutane. Abin da karin maganar ke faɗa ke nan: tuwo ciki yake cikawa, zuwa dare an manta da shi, amma kiran da aka yi maka shi ne ke zama a rai.

Sai dai tayi yana da ladabi ta fuska biyu, kuma nan ne matasa ke tuntuɓe. Tayin farko gaisuwa ce, amsarsa ita ce "alhamdu lillahi, Baba, a ci lafiya". In ya maimaita, har ya turo takardar gabanka, to da gaske yake. Ka ɗauki yanka ɗaya ko biyu ka yi godiya, domin ƙin karɓa a nan raini ne. Wanda kuma ya naɗe hannun riga ya share takardar, shi aka yi wa "kwaɗayi mabuɗin wahala". Ƙanwar karin maganar "zo mu ci tuwo" ita ce "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma", wadda a bakin Adarawa, mutanen yankin Tawa, za ka ji "huska". Duk biyun sun fifita abin da talaka ma yake da shi a kan abin da sai mai hali. Ina ganin ba banza ba aka yi su a ƙasar da ta san fari da yunwa.

Wata Hajiya mai sayar da kayan miya a kasuwar Katako ta tambayi bambancin gyara, tukuici da goro.

Hajiya, ai ke ya kamata ki koya mana. Gyara ita ce ɗan ƙarin da kike ɗora wa mai saye bayan an gama ciniki: ya sayi tumatir na dala ashirin, kin jefa masa tattasai biyu. Tukuici na ɗan aike ne, wanda ya kawo kyautar wani. Goro kuwa ya daɗe da fita daga cikin ganye, har kuɗin da aka ba wanda ya nuna hanya ko ya kawo albishir ana kiransa goro. Ko ɗaya daga cikinsu ba sadaka ba ce, kuma kada a ce wa mai karɓa sadaka aka ba shi.

Daga Tawa wani malamin makaranta ya ce yana ganin saɓani tsakanin "baƙonka annabinka" da "baƙo raɓa ne". Ɗaya ta ɗaukaka baƙo, ɗaya kamar ta kore shi.

Malam, ba saɓani, masu sauraro ne suka bambanta. Ta farko mai masauki ake faɗa wa. A fahimtata tana da alaƙa da ƙissar Annabi Ibrahim a Suratuz Zariyat, inda baƙin da bai sani ba suka yi masa sallama, ya kawo musu maraƙi mai ƙiba, ashe mala'iku ne. Ba ka san wanda ya tsaya a ƙofarka ba. Ta biyu tana da baki biyu masu kaifi. Ana faɗa wa ɗan gari ita don ya yi haƙuri, tunda raɓa ba ta kai hantsi. Ana kuma faɗa wa baƙon kansa don ya san lokacin tashi, musamman da yake hadisi ya iyakance liyafa a kwana uku. Akwai ta ukun da ba ka ambata ba, "baƙo ko da ido makaho ne", kuma ita ce ta fi aiki a titi. Saboda ita ne in ka tambayi hanya a wata fada, wato majalisar hira ta bakin titi, maimakon kwatance sai a tashi yaro ya raka ka. Ba'adare ba sai an yi masa dogon bayani ba, gidan da ba a taɓa zuwa cin rani Abijan ko Legas ba kaɗan ne a ƙasar Adar, kuma wanda ya ɗanɗana baƙunci ya san darajar wanda ya ce masa "ga ruwa".

Ta ƙarshe daga wata baƙuwa ce da ta zo Yamai biki. Ta ce a taksi direba Bazabarme ya dubi wani fasinja mai zane a fuska ya kira shi bawansa, suka yi ta zage-zage da dariya, da mutumin ya sauka kuma direban ya ƙi karɓar kuɗinsa. Ta ce ta ɗauka faɗa ne.

'Yata, taubasantaka kika gani. Asalin taubashi shi ne ɗan kawunka ko ɗan gwaggonka, wanda al'ada ta halatta muku tsokanar juna. Daga gida aka faɗaɗa abin zuwa ƙabilu: Zabarmawa da Gobirawa, Fulani da Barebari, Zabarmawa da Buzaye. Zanen ne ya gaya wa direban cewa Bagobiri ya shigo motarsa. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta saka wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Sharaɗinta shi ne ba a fushi, kuma wanda ya zage ka yanzu shi ne farkon wanda zai tsaya maka in ka shiga matsala. Amma ke kada ki gwada kiran kowa bawa a taksi sai kin tabbatar da ƙabilarsa, kin kuma tabbatar akwai wasa tsakaninta da taki. Sauran tambayoyin, har da ta kalmar "sannu", sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.