Ƙarar tafet bayan sa sabon kam: zagaye nawa zan ɗaure?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sake haɗa injin Chevrolet 350, na sa masa kam mai ƙarfi da kawunan silinda na alminiyum, liftocin kuma masu aiki da mai ne. Da sanyi lafiya lau, amma da zarar ya ɗauki zafi sai ka ji kas-kas-kas daga samansa. Na bi notocin roka ina ƙara ɗaurewa har ƙarar ta ɗauke, sai kuma injin ya kama karkarwa a silo, wato yana aiki ba a taka mai ba, ƙarfinsa ya ragu. Zagaye nawa ya kamata in ɗaure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko dai ka kashe injin, kada ka sake tuƙa motar a haka. Karkarwar nan alama ce ta cewa wasu bawul ba sa komawa su zauna daram a mazauninsu. Bawul ɗin fitar hayaƙi kuwa ta wurin zaman nan yake sauke yawancin zafinsa, in ya daɗe a buɗe ko da kaurin gashi ne, ƙonewa zai yi.

Ka ɗauki lifta ɗaya a hannu ka duba, wato tafet, ɗan ƙarfen da tudun kam ke turawa, shi kuma ya tura sandar turi ta motsa roka, roka ta buɗe bawul. A cikin jikinta akwai wani ɗan fiston, ƙarƙashinsa sifirin da ɗaki na mai, da 'yar ƙwallo da ke barin mai ya shiga ta hana shi komawa. A sama akwai zoben ƙarfe da ke tare fiston ɗin kada ya fito. Abin da ake nema shi ne sandar turi ta danna fiston ɗin ƙasa kaɗan, ya rabu da zoben, ya samu wurin motsi sama da ƙasa. Wannan ɗan dannawa shi ne duk maganar. In ya yi kaɗan, fiston ya riƙa dukan zobe, rata ta buɗe, ka ji kas-kas. In ya yi yawa, lifta ta tokare bawul, kamar yadda ka gani. A injin gudu akwai ƙarin matsala: idan aka taka shi sosai har sifirin bawul ya kasa bin kam, lifta takan ɗauka rata ce ta samu, ta cika da mai ta miƙe, ta riƙe bawul a buɗe. Gwargwadon zurfin dannawar da ka yi, gwargwadon wurin da ka ba ta na yin wannan ɓarna.

Yawancin masu ƙera kam da lifta suna neman dannawa tsakanin inci 0.020 da 0.060, wato rabin milimita zuwa milimita ɗaya da rabi. Amma takardar da ta zo da liftocinka ita ce gaba da maganata, musamman in irin masu gajeren motsin nan ne na tsere, waɗanda abin da suke ɗauka bai kai haka ba.

Yanzu batun zagaye. Ƙusar roka ta asali a irin injinka mai kaurin inci 3/8 ce, zare 24 a kowane inci, don haka zagaye ɗaya yana saukar da noti kusan inci 0.042. Sai dai noti a tsakiyar roka yake, bakin bawul kuma a tsaye, shi ya sa ɓangaren sandar turi ke sauka fiye da haka. Da roka mai ninkin 1.5, zagaye ɗaya yana kusan kai inci 0.070 a lifta. Ka ga ke nan rabin zagaye ya riga ya ba ka wajen 0.035, kusa da tsakiyar abin da ake so. In ƙusoshinka masu kaurin 7/16 ne, zarensu 20 ne, sun fi saurin sauka. Mutane da yawa suna haddace "zagaye ɗaya" ba tare da tambayar wane zare ba.

Amma rabin zagaye daga ina? Nan ne aikin yake lalacewa. Dole lifta ta kasance a bayan kam, inda babu tudu ko kaɗan. Ka juya injin da hannu ta hanyar da yake juyawa, kana kallon silinda ɗaya. Da bawul ɗin hayaƙi ya fara buɗewa, tsaya, saita na shan iska. Ci gaba da juyawa har na shan iska ya buɗe gaba ɗaya ya dawo ya kusa rufewa, tsaya, saita na hayaƙi. Da kam mai faɗin tudu wannan hanya ta fi aminci a kan bin alamar da ke kan fuli.

Sassauta noti har sandar ta yi sako-sako. Riƙe ta da yatsu biyu, kana ɗaga ta sama da ƙasa, ɗaya hannun yana ɗaure noti sannu a hankali. Za ka ji ɗan ƙwas-ƙwas ɗin yana raguwa, sai ya ɓace. Nan ne sifili. Ni ba na son dabarar murza sanda har ta yi tauri, domin lifta marar mai a ciki sifirinta laushi gare shi, sandar za ta ci gaba da juyawa alhali ka nutsar da fiston rabin hanya ba ka sani ba. Daga sifili ka ƙara rabin zagaye, ka kulle. In lifta cike take da mai, ɗaure kaɗan-kaɗan, ka ba ta 'yan mintoci ta tsiyaye kafin ka juya injin.

Ƙarar da ke zuwa da zafi kuwa, ina zargin kawunan ne. Alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, sai kan silinda ya ɗaga roka sama fiye da yadda sandar ƙarfe ta tsawaita, dannawar ta ragu. In da ma a bakin gaɓa ka saita, zafi ya cinye ta. Don haka in rabin zagaye bai wadatar ba, ka kai kashi uku cikin huɗu, ka tsaya nan.

In ka yi duk wannan ƙarar tana nan, to ka bar notocin su huta. Yoyon hayaƙi a bakin bututun salansa yana kwaikwayon tafet ƙwarai, sai dai shi ya fi ƙara da sanyi, kuma yakan bar baƙin tabo a gefen gasket. Duba ƙarfin mai idan injin ya yi zafi a silo, duba kuma ko man ya wuce alama, domin karanshaf yakan kaɗa shi ya yi kumfa, lifta kuwa ba ta tsayuwa a kan iska. Roka ɗaya da ke sake kwancewa bayan kowane saiti abin tsoro ce, sau da yawa tudun kam ne ke cinyewa. Yanka filtar mai ka duba ko akwai garin ƙarfe. Sannan kam mai saurin buɗewa da rufewa, da roka masu taya, da sifirin bawul mai tauri, suna da ɗan sautinsu kamar na keken ɗinki. In sautin iri ɗaya ne a duk silinda takwas, ba ya ƙaruwa, silo kuma ya daidaita, ka mayar da murfin bawul ka rufe.