Kumburin babbar jijiyar ciki: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Ingila

Salamu alaikum ƙanena, ya jikin Baba? Allah ya ba shi lafiya. Ka ce hoton ciki da aka yi masa a Kano ya nuna babbar jijiyar jinin da ta sauko daga zuciya ta buɗe har santimita 4.2, kuma kana so in ka iso Ingila ka riƙa aika masa maganin da zai hana ta ƙara girma, ko ma ka ɗauko shi daga Ringim.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan maganin babu shi, nan ma babu. An gwada doxycycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a Amurka, miligiram 100 safe da yamma har shekara biyu, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna jijiyar ta ci gaba da girmanta. An gwada magungunan hawan jini, propranolol a Kanada da perindopril a nan Ingila, duk ba su tsayar da ita ba. Wanda ake sa rai a kansa yanzu shi ne metformin, maganin ciwon suga, domin an lura kumburin masu suga ya fi jinkirin girma. Amma gwaji ake yi har yanzu, kada Baba ya sha shi sai likita ya rubuta.

Abin da ke aiki yana kusa da ku. Faɗin jijiyar lafiyayye wajen santimita 2 ne, daga 3 ake kiranta kumburi, kuma yawanci milimita 2 zuwa 3 take ƙarawa a shekara. Tsarin nan shi ne daga 3 zuwa 4.4 hoto sau ɗaya a shekara, daga 4.5 zuwa 5.4 duk wata uku, in ta kai 5.5 ko ta ƙara santimita guda cikin shekara sai maganar tiyata. Ku riƙa zuwa wuri ɗaya, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, domin awon wannan hannu da na wancan yakan bambanta da 'yan milimita, sai a tayar da hankalin tsoho a banza. A samu littafi a rubuta rana da awo.

In yana shan sigari ya bari kwata-kwata, ita ce ke hanzarta girman, tana kuma ninka haɗarin fashewa. Maganin hawan jini kullum ne, ba sai kai ya sara ba. Likita yakan ƙara maganin rage kitsen jini, wannan don kare zuciya ne.

Ga wanda ya fi damuna: ciprofloxacin, wanda ake miƙa wa mutum a kemis da zarar an ce taifot. Tun 2018 hukumomin magunguna na Amurka da Ingila suka yi gargaɗin cewa shi da danginsa na iya raunana bangon jijiyar. Duk mai rubuta wa Baba magani a gaya masa yana da wannan kumburi. Kada kuma a bari a danna cikin ko a yi masa tausa.

In ciwo mai tsanani ya taso masa farat ɗaya a ciki ko gadon baya, da gumi da jiri, kada a ce olsa ce a jira gari ya waye. A sa shi a mota sai Kano, da takardun hoton a hannu. Tun yau ku shirya da mai mota a garin, ku ajiye lambarsa.

Batun ɗauko shi kuwa, bizar ɗalibi ba ta ba ka damar kawo mahaifi, kuɗin lafiyar da za ka biya tare da bizar kai kaɗai ya shafa. In ya zo a baƙo, asibitin gwamnati zai caje shi kuɗin aikin da ƙarin rabinsa. Kuma a awon 4.2 babu likitan da zai yi masa tiyata a nan, hoto za su sake su sallame shi. Don Allah kada a sayar da gona saboda wannan tafiya. Ka gaishe min da shi da Inna.